Fanka na juyawa, ekaran baƙi: kart mer ta mutu ke nan?

"Salamu alaikum Malam. Ina da shagon buga takardu da yankan sitika a Sabon Gari, nan Maradi. Injina na yankan sitika tsoho ne, ba ya aiki sai da wata tsohuwar kwamfuta Pentium 4 mai Windows XP, don ita ce mai faffaɗan ramin nan na firinta a baya, kuma manhajar injin a cikinta take. Tun shigowar sanyi ta fara mini gardama. Da safe sai na danna sau uku sau huɗu kafin ta tashi, amma in hantsi ya yi, dannawa ɗaya ta kama. Kwanan wata ma kullum sai na gyara mata. To shekaranjiya ta ƙi gaba ɗaya. In na danna, fanka na juyawa, ƴar fitilar gaba tana kamawa, amma ekaran baƙi ƙirin, ko ƙarar nan ta 'tit' babu. Na kai wa wani mai gyara, ya canza RAM bai ga komai ba, ya ce kart mer ce ta mutu, in jefar in sayi sabuwar kwamfuta. Sabuwa kuma ba ta tafiya da injina. Don Allah akwai dabara, ko in haƙura?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba da kasuwa. Abin da kake tambaya shi ne ko kwamfutar da ke samun wuta amma ba ta nuna komai a ekaran, babban allonta, wato kart mer, ya mutu ke nan. Amsata ita ce kada ka jefar tukuna. Wanda ya canza RAM (katin da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai) kawai ya yanke wa allo hukunci, ya yi gaggawa. A irin waɗannan na'urori na farkon shekarun 2000, allon shi ne na ƙarshe da nake zargi da mutuwa baki ɗaya, kuma ko an kama shi da laifi, yawanci ƴan ƙananan kaya ne a jikinsa suka gaji, waɗanda ake cirewa a sa wasu. Labarin da ka bayar na safiya da hantsi ya fi duk sauran bayanan amfani a wurina, zan dawo kansa.

Juyawar fanka ba shaida ba ce

Bari in faɗa maka abin da ke faruwa daga sanda ka danna maɓallin zuwa sanda rubutu ya bayyana, don in ka san jerin, ka san inda za ka nema. Muddin wayar wuta tana jone, akwatin wutar da ke cikin kwamfutar, wanda muke ce wa alim, yana ba allo bolt 5 ta wata waya mai launin shuni ko da kwamfutar a kashe take. In ka danna maɓalli, allo ne ke jan koriyar waya zuwa ƙasa, wato yana ce wa akwatin wuta ya saki sauran layukan: bolt 12 a rawayar waya, bolt 5 a ja, bolt 3.3 a mai ruwan lemo. Akwatin sai ya jira ƙasa da rabin daƙiƙa wutar ta zauna, sannan ya aika sanarwa ta waya mai ruwan toka cewa komai ya daidaita. Sai da wannan sanarwar allo ke sakin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. Ita kuma furosesar ba ta cin bolt 12 kai tsaye. Akwai ƴan na'urori jere a gefen mazauninta da ke sauke wutar zuwa wajen bolt ɗaya da rabi. In wannan ya samu, furosesa ta karanta BIOS, wato ƴar manhajar tashi da ke cikin wani guntu a jikin allo, BIOS ya duba RAM, ya duba katin ekaran, ya yi "tit" ɗaya, rubutu ya fito.

A duk wannan jeri, fanka ba ta buƙatar komai sai wani abu mai kama da bolt 12. Ko goma aka ba ta za ta juya, ko wutar na rawa za ta juya. Abin da fankarka ta tabbatar kawai shi ne maɓalli yana aiki kuma akwatin wuta ya amsa kira. Daga nan zuwa "tit" akwai matakai biyar ko shida, kuma kowanne yana iya tsayar da tafiyar ba tare da allon ya mutu ba.

Kafin ka taɓa komai, ka zare wayar wuta, ka ciro diski ka ajiye shi gefe a cikin akwati. A aikinka diskin ya fi allon daraja, don manhajar injin da duk zanen masu kawo maka aiki a ciki suke. Tsohon diski ne mai faffaɗar igiya mai fil 40, kuma akwai ƴar na'urar da ke jona irinsa ga USB. Ka kwafe abin da ke ciki a wata kwamfutar tun yanzu. Ba a buƙatar diski wajen gwajin da za mu yi. Kwamfuta mai lafiya tana nuna rubutu ko babu diski a jikinta, ta yi ƙorafin rashinsa daga baya.

Fara da akwatin wuta

Ni a teburina kullum daga nan nake farawa, don shi ne ke shan wahalar wutar gari kafin ta kai ga kowa. Ka san yadda wuta take a nan, a ɗauke a kawo, wani lokaci ta zo da rauni wani lokaci da ƙarfi. Wutar Maradi daga Najeriya take zuwa ta layin Katsina, kuma lokacin da aka yanke ta a watan Agustan 2023 shaguna da yawa sun koma kan ƙananan janareto na tsawon watanni. Ƙaramin janareton da ke tashi yana faɗuwa duk sanda aka kunna injin kwafi, ba abin da ke tsufar da akwatin wuta kamarsa.

Gwajin farko mai sauƙi ne. Ka cire duk wayoyin akwatin daga allo. A babban soket ɗin mai fil 20, ka sami koriyar waya, ita kaɗai ce koriya, ka haɗa ta da kowace baƙar waya da guntun waya mai ƙarfi, sannan ka jona wuta. Fankar akwatin za ta juya. Wannan ma dai bai ce yana da lafiya ba, ya ce yana tashi ne kawai. Sai ka ɗauko mita. Baƙin tsinke a baƙar waya, jan tsinke a layin da kake aunawa. Ƙa'idar irin waɗannan akwatuna da alluna, ATX, wadda kamfanin Intel ya fitar a 1995, ta yarda da saɓanin kashi biyar cikin ɗari: bolt 12 ya tsaya tsakanin 11.4 da 12.6, bolt 5 tsakanin 4.75 da 5.25, bolt 3.3 tsakanin 3.14 da 3.47. Kada ka manta da mai launin shuni da mai ruwan toka, dukansu ya kamata su nuna wajen 5. Na sha ganin akwatin da manyan layukansa lafiya lau, amma mai ruwan tokar ba ta tashi, allo ya yi ta jiran sanarwar da ba za ta zo ba, fanka na ta juyawa.

Matsalar wannan awon ita ce akwatin ba ya ɗauke da kaya. Yana iya nuna 12 cif a tebur, da an ɗora masa furosesa ya durƙushe. Don haka ka sake aunawa yana jone da allo, ka cusa tsinken ta bayan soket inda wayoyin suka shiga. Ko da hakan, mita ba ta ganin rawar da wuta ke yi da sauri. Hanya mafi gajarta ita ce ka aro akwatin wutar da ka tabbatar yana aiki a wata kwamfutar, ka gwada. Na zamani mai fil 24 yana shiga, don galibi fil huɗun ƙarshe suna zamewa gefe. Sai dai in kwamfutarka Dell ce ka bincika tukuna, don wasu na'urorinsu na ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon 2000 suna da soket mai kama da na kowa amma jerin wayoyinsa daban ne, in ka sa na gama-gari sai a yi asara.

Abu biyu da nake so ka duba da ido a nan. Pentium 4 tana da nata ƙaramin soket mai fil huɗu kusa da furosesa, waya biyu rawaya biyu baƙi. In an manta ba a mayar da shi ba, alamar daidai take da taka: fanka na juyawa, ekaran baƙi, shiru. Tunda kwamfutar ta je hannun mai gyara ta dawo, ka tabbata yana wurinsa. Na biyu, ɗan jan maɓallin nan da ke bayan tsofaffin akwatunan wuta mai rubutu 115 da 230. Wutarmu 220 ce, dole ya kasance a 230. Kayan da suka zo daga Amurka a 115 suke zuwa, in an jona haka nan sai dai ka ji "fau" da hayaƙi. Kuma kada ka buɗe cikin akwatin wuta in ba sana'arka ba ce. Manyan kwandansan da ke ciki suna riƙe sama da bolt 300, kuma ba nan take suke sauke ta ba bayan an zare waya.

Abin da safiya da hantsi suke faɗa

Ga inda zargina ya fi ƙarfi. Na'urar da ke ƙin tashi da sanyi, ta tashi in gari ya ɗumama, ta yi haka makonni tana ƙara taɓarɓarewa har ta tsaya cak, wannan tafiyar kwandansa ce. Su ne ƴan gwangwanayen nan da ke tsaye a kan allo, musamman jerin da ke kewaye da furosesa. Aikinsu lallashin wuta, su cike gurbi in ta yi ƙasa, su shanye in ta yi tsalle. A cikinsu akwai wani ruwa, kuma zafi yana busar da shi a hankali. In ya fara bushewa, kwandansar takan yi nauyin amsawa, sanyi kuma yana ƙara mata nauyin. Shi ya sa dannawarka ta uku ko ta huɗu ke kamawa: kowace dannawa tana ɗan ɗumama su. Hantsi yana yi musu wannan aikin kyauta. Yanzu sun kai inda ɗumin ma bai isa ba.

Kuma kwamfutarka ta faɗo a zamanin da ya fi kowane muni a wannan fanni. Daga wajen 1999 zuwa 2007 an cika kasuwar duniya da kwandansan da aka haɗa ruwan cikinsu ba daidai ba. Ruwan yana fitar da iska a ciki, gwangwanin ya kumbura, wani ya fashe. Manyan kamfanoni da ƙanana duk abin ya shafe su, kuma allunan Pentium 4 na cikin waɗanda suka fi shan sa. Ka haɗa wannan da shekara ashirin da zafin watan Afrilu na Maradi a shagon kwano, abin mamaki ma shi ne ta kawo yanzu.

Ka fito da allon wurin haske, ka kalle su ta gefe, ba ta sama ba. Saman lafiyayyar kwandansa a shafe yake, tsagin nan mai kama da kuros ko harafin K yana kwance. Wadda ta lalace samanta yana tasowa kamar murfin gwangwanin tumatirin da ya daɗe a shago. Wata za ka ga busasshen abu mai ruwan ƙasa a bakin tsagin, wata kuma ta ƙasa take turo robar gindinta har ta karkace. Ka shafa da yatsa, yatsa yana jin kumburin da ido bai gani ba. Amma ka sani, kwandansa tana iya bushewa ƙaf ba tare da ta kumbura ba. Masu gyaran da suka tanadi kayan aiki suna da mita ta musamman da ke auna wannan, mita ta gama-gari ba ta yi.

In ba ka da ita, akwai dabarar da muke yi. Ka aro na'urar busar da gashi, ka hura wa kwandansan gefen furosesa iska mai ɗumi kamar minti ɗaya ko biyu, daga ɗan nesa, ɗumin da hannu zai iya jurewa. Sai ka danna maɓalli. In ta tashi, ka kama ɓarawonka. In ba ta tashi ba, ka bar allon ya huce, ka hura ta ramukan akwatin wuta, don shi ma irin waɗannan kwandansan ne a cikinsa kuma ciwonsu ɗaya. Wannan gwaji ne, ba magani ba. Kada ka mai da shi aikin kowace safiya, don wutar da ke rawa tana cin sauran kayan da ke kusa.

Canza su aiki ne mai yiwuwa, ina yinsa, amma yana da sharuɗɗa. Sabuwar ta zama daidai da tsohuwar a lambar da ke jikinta, misali 1500 ko 2200 ko 3300, bolt ɗinta kuma daidai ko sama, kada ƙasa. Galibi za ka ga 6.3 a na kusa da furosesa, 16 a na layin bolt 12. Ta zama mai jure zafi digiri 105, kuma irin wadda aka yi don allon kwamfuta, mai saurin amsawa. Kwandansar rediyo ko ta talabijin, ko lambar ta zo ɗaya, ba za ta daɗe a wurin ba. In ɗaya ta kumbura a jeri, a canza jerin duka, don tare suka tsufa. Tana da ƙafar ƙari da ta ragi, in an juya ta fashewa take yi. Kafin a cire tsohuwa a ɗauki hoto da waya, kada a dogara da zanen da ke kan allo, don wasu kamfanoni suna juya ma'anar farin gefen. Sannan allon kwamfuta hawa-hawa ne a ciki, yana shanye zafi, ƙaramin ƙarfen dalma na gyaran rediyo ba ya narkar da ƙafar. Mai gyara ya yi ta dannawa yana ja da ƙarfi har ya tsinke hanyar da ke cikin ramin, shi ke nan an kashe allon da bai mutu ba. Ka nemi mai hannu a wannan aikin. Wasu masu gyaran talabijin sun fi masu gyaran kwamfuta iya shi nesa ba kusa ba, don mu da yawanmu canza kaya muka saba, su kuwa dalma ce abincinsu.

A tuɓe ta, a bar ta ta yi magana

Ko ka ga kumburi ko ba ka gani ba, ka yi wannan. Fito da allon daga cikin akwatinsa gaba ɗaya, ka ɗora a kan kwali ko katako busasshe. Wani lokaci kusa ce ta ɓace ta maƙale a ƙarƙashi tana haɗa wuta, da an fito da shi sai ya tashi. Ka bar masa furosesa da ƙarfen sanyayarta da fanka, akwatin wuta, da ƴar lasifikar nan mai yin "tit". Sauran duka a cire: RAM, katunan da ke cikin ramuka, igiyoyin diski, wayoyin USB na gaba, kibod. Ka tabbata lasifikar tana nan, don kwamfutoci da yawa shirunsu na rashin lasifika ne kawai. Tana shiga a fil huɗun da aka rubuta SPK ko SPEAKER. Don kunnawa, ka taɓa fil biyun da aka rubuta PWR SW da bakin sukudireba na ɗan lokaci.

Allon da furosesarsa da BIOS ɗinsa ke aiki, in ya tashi bai ga RAM ba, ihu yake yi. Wannan ihun albishir ne. Yana nufin wuta ta kai furosesa, ta karanta BIOS, ta kai matakin neman RAM. Daga nan sai ka mayar da RAM ɗaya tak, ka gwada shi a kowane rami, sannan katin ekaran, sannan sauran, ɗaya bayan ɗaya, kana kashewa kana zare waya kafin kowane ƙari. Wanda ka sa shiru ya dawo, shi ne. Kada ka canza abu biyu a lokaci guda, in ta tashi ba za ka san wanne ne ba, in ta ƙi ma haka.

Ƙarar tana da ma'ana, gwargwadon kamfanin da ya rubuta BIOS ɗin, sunansa yana kan ƴar takardar da ke manne a jikinsa. A na Award, doguwa ɗaya da gajeru biyu katin ekaran ne, doguwa mai maimaituwa ba tsayawa RAM ne. A na AMI ƙirgawa ake yi: gajeru uku RAM, biyar furosesa, takwas katin ekaran. Na Phoenix kashi-kashi yake yi da ɗan shiru a tsakani, sai an rubuta an duba littafin allon.

Game da RAM ɗin da aka canza maka: canzawa ba ta wanke ramin ba. Ƙurar hunturu tana shiga ramukan nan ta zauna, damina ta zo ta jiƙa ta, ta zama datti mai hana haɗuwa. Ka goge haƙoran RAM ɗin masu ruwan zinariya da farin gom na ƴan lakkol, ka share ramin da busasshen buroshi, in da alkol mai ƙarfi ka ɗan sa ka bari ya bushe sarai. Kuma a tabbata irin nasa aka sa. Allunan Pentium 4 sun ratsa zamani daban-daban, akwai masu SDRAM mai haƙori 168, akwai masu DDR mai 184, akwai masu DDR2 mai 240, kuma tsohon allo yakan ƙi RAM mai girman da ya wuce saninsa ko ya shiga ramin daidai.

Tunda lokacin sanyi ne, ka kula da wutar jiki. Iskar hunturu a bushe take, shi ya sa kake jin "tsat" in ka taɓa ƙofar mota. Wannan ɗan tartsatsin ya isa ya kashe RAM. Ka riƙa taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa allo, ka kama kaya ta gefe, kada ka yi aikin a kan tabarmar roba ko bargo.

Kwanan watan da ke ɓacewa matsala ce daban, kuma ita ce mafi arha. Batirin nan ne mai kama da kwabo, CR2032, bolt 3. Ya ƙare. Ka sa sabo. Yawancin alluna suna tashi ko batirin ya mutu, amma akwai waɗanda batiri mai rauni ke hargitsa musu saiti har su ƙi nuna komai, don haka ka wanke saitin ma: waya a zare, ka matsar da ƴar jampar da aka rubuta CLR CMOS zuwa ɗaya gefen na daƙiƙa goma, ka mayar da ita inda take. Ka lura da mayarwar, don in an bar ta a gefen wankewa allo ba ya tashi. Kai ka yi sa'a ma. Allunan tsofaffin kwamfutoci na zamanin 386 da 486 batirinsu kamar ƴar ganga yake, a like da dalma, in ya tsufa yana zubar da ruwan da ke cinye hanyoyin tagulla, ya bar kore-kore a wurin. Duk mai irin wannan allon a ajiye, ya yanke batirin yau.

In an cire RAM kuma shiru, da akwatin wuta mai kyau da sabon batiri, to matsalar tana tsakanin furosesa, wutar da ke ciyar da ita, da BIOS. Bayan kamar minti ɗaya da kunnawa ka taɓa gindin ƙarfen sanyaya. In sanyi ƙalau, wuta ba ta kai furosesa, mu koma kan kwandansa da ƴan baƙaƙen na'urori masu ƙafa uku da ke kusa da su. In akwai wani abu a allon da ke ƙona yatsa cikin daƙiƙa kaɗan, wannan ya haɗe a ciki. In BIOS ɗin a cikin soket yake zaune, ka danna shi da babban yatsa ya koma mazauninsa.

Cire furosesa shi ne na ƙarshe, kuma da dalili. Ita kanta ba kasafai take mutuwa ba. Sannan a Pentium 4 mai fil 478, man da ke tsakaninta da ƙarfen sanyaya yana bushewa ya kama kamar siminti. In ka ja ƙarfen sama kai tsaye, sai ya fizgo furosesar daga soket alhali a kulle yake, fil su lanƙwashe. Ka ɗan ɗumama shi, ka murɗa hagu da dama a hankali har ya saki, sannan ka ɗaga. In za ka mayar, ka goge tsohon man ka sa sabo ɗan kaɗan.

In ta tabbata allon ne

Ban riƙe allonka a hannu ba, don haka abin da na ba ka jerin zargi ne, daga mafi yiwuwa zuwa ƙasa: kwandansan allo ko na akwatin wuta, sai datti a ramin RAM da batiri, sai sauran. Akwai kuma inda ni kaina nake tsayawa. In babban guntun nan na tsakiyar allo ne ya ƙone, wanda ƙafafunsa ke ƙarƙashinsa ba a ganinsu, ko tsawa ta bi waya ta shigo ta huda hanyoyin ciki, ba na karɓar aikin, don kuɗin da wahalar sun fi ƙimar allon.

Ko a nan ɗin ma ba sabuwar kwamfuta ce mafita ba. Ka karanta lambar allon, tana rubuce da farin fenti tsakanin ramukan kati, ka nemi irinsa na hannu. Wurin masu tsofaffin kayan ofis a nan gari, ko ka ba masu zuwa Katsina da Kano saƙo da hoton lambar. Dalilin da ya sa nake cewa irinsa: Windows XP ba ya son a canza masa allo. In ka ɗauki diskinka ka sa a allon da ya bambanta sosai, sau da yawa shuɗin ekaran zai ba ka tun kafin ya buɗe, kuma in faifan manhajar injin ya ɓace, sake zubawa ya zama wani tashin hankalin. In ba a sami irinsa sak ba, a nemi mai guntun tsakiya iri ɗaya. Wanda za ka saya, a kunna maka shi a gabanka, kuma ka kalli kwandansansa ta gefe kamar yadda na ce, don shi ma sa'an naka ne. In ka samu biyu da arha, ka ɗauki biyun.

Za a ce maka ka sayi igiyar da ke mai da USB zuwa faffaɗan ramin firinta ka huta. Ga firinta zalla takan yi. Ga injin yanka da manhajarsa ke magana da ramin kai tsaye, ko mai ɗan makullin nan da ake toshewa a ramin kafin manhaja ta buɗe, yawanci ba ta yi. Katin da ake sawa a cikin kwamfuta mai ba da wannan ramin ya fi ta, shi ma sai an gwada da injin kafin a biya.

In Allah ya sa ta tashi, ka sa mata ondilar, wato na'ura mai batiri da ke riƙe wuta in an ɗauke, ko aƙalla regilata mai daidaita wuta, tsakaninta da bango, ka ɗaga ta daga ƙasa, ka riƙa hure mata ƙura bayan kowane hunturu kana riƙe da fanka kada iska ta juya ta. Kada ka jona ta da intanet, Microsoft ya daina kula da XP tun 8 ga Afrilun 2014, ka bar ta ita da injinta kawai. Ka sa a yi maka kwafin diskin gaba ɗaya a wani diskin, ba fayiloli kaɗai ba, don shi ma shekarunsa ɗaya da allon.

Yanzu ka fara da abu uku da ba za su ci maka kuɗi sosai ba: sabon batiri, aron akwatin wuta, da kunnawa ba RAM da lasifika a jone. Ka turo mini lambar allon, hoton kwandansan gefen furosesa da aka ɗauka ta gefe, da abin da ka ji sanda ka cire RAM, ƙara nawa ko shiru.